Na Je Makka Neman 'Yan Kallon Baba

Duk wanda ya ce umra kaɗai ta kai mu Makka, bai san Baba ba. Umra mun yi, Allah ya karɓa. Amma hujja ya kai ni in gani da idona. Ina buga ƙwallon kwando tun a sakandare, na ce zan shiga ƙungiyar kwalejin da na samu, ya ce atafau. Wai ya san halin ɗalibai 'yan kallo, don shi ne shugabansu lokacin da yake karatu a Makka, shekara talatin baya: ihu, zagi, dukan bokiti.

"Ba za a yi wa 'yata haka ba," in ji shi.

Kano zuwa Jidda

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka bar Gwammaja. Jirgin ƙarfe tara sai sha ɗaya ya ga damar tashi. Kusan awa biyar a sama Baba yana ba ni labarin ranar da ihunsu ya kori alƙalin wasa. Karo na ashirin ke nan. Daga Jidda mota, kilomita tamanin, shinge ɗaya.

Ka'akiyya

Mun sauka a wannan unguwa ta Makka, gidan Kawu Hamza, abokin karatun Baba da ya yi zamansa a can. Shinkafa bukari da kaza. Da Baba ya ce ranar Laraba za mu je wasan tsohuwar makarantarsu, Kawu ya dube shi ya ce, "Ya shekh, ci abincinka tukuna."

Laraba, bayan la'asar

Mata ba sa shiga zauren. Aka bar ni a mota daura da ƙofa, gilashi a sauke.

Baba ya ce, "Ki kasa kunne kawai, Hindatu. Daga nan ma sai kanki ya yi ciwo."

Na kasa kunne. Na ji ƙwallo tana dukan ƙasa, na ji ƙarar takalma, na ji usur. Can sai muryar dattijo ɗaya tilo tana ihu. Sau biyu ya yi, ya bari.

Bayan minti arba'in suka fito, Kawu yana share hawayen dariya.

"Mutum tara, wallahi! Bakwai suna kallon wasan kwalejojin Amurka na jiya a waya. Ɗaya ya juyo ya kira babanki baffa da Larabci, ya ce, 'Ya ammi, a hankali, ba ma jin mai sharhi.'"

Na ce, "To Baba, su waye za su zage ni?"

"Na Kano daban ne."

"Na Kano ba su da waya?"

Baba ya buɗe mota ya shigo, muka koma Ka'akiyya.

Gida

Asabar da azahar muka sauka Kano lafiya, alhamdu lillahi. Kawu Hamza, Allah ya saka da alheri, har da dariyar.

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, ni kuma ba ni da haƙurin jira. Ranar Litinin zan ajiye masa takardar izinin shiga ƙungiya da biro kusa da shayinsa. In ya sa hannu, zan gaya masa ranar wasana na farko, ya zo ya zauna a gaba. Da in yi wa kujeru wasa, gara ubana ya zage ni.