Da Maigidana Ya Ce Zai Tsaya

Shekarun baya, lokacin da ruwan dam ɗin Kainji ya tashe mu daga gungunmu, tsibirin da ke tsakiyar kogi, aka kai mu sabbin gidajen siminti kusa da Wara, ina da goyon fari, kuma komai tsoro yake ba ni. Rufin ɗakin ma tsoro yake ba ni, don idan rana ta take sai ya riƙa ƙara shi kaɗai.

Maigidana yana aiki da masu majigi, amma shi taurari yake nunawa. Suna da wata baƙar rumfa ta tamfol mai kama da ƙwarya a kife. A tsakiyarta akwai tukunyar ƙarfe da aka huhhuje, da fitila a ciki. Idan aka shiga aka rufe ƙofa ya kunna, sai sama ta sauko da rana tsaka. Shi ke tsara wasan, shi ke juya tukunyar, shi ke bayani: ga Kaza da 'Ya'yanta, ga Zara, ga Gamzaki. Ranar da aka shigar da mu mata, inna ta damƙe hannuna ta ce, "Sun kwashe mu daga gungu, yanzu kuma taurarin suka kwaso?" Ni kuwa rufe wa yarinyata ido na yi da mayafi, don ban san ko ganin taurari kafin magariba yana da illa ba.

Kayan wasan nan nauyi gare su. Akwai leburori masu ɗaukar tamfol da ƙarafa da injin wuta a ka, daga mota zuwa jirgin ruwa, daga jirgi zuwa tudu, tun daga Ngaski har Shanga. Ɗayansu ya zame a laka da inji a kansa, bayansa ya taɓu, aka sallame shi. Shi ne suka kafa ƙungiya, suna neman wakilin da zai riƙa yi musu magana gaban manya. Wannan duk daga baya na sani. Abin da na sani a lokacin, wata safiya maigidana yana shan kunu ya ce, "Na yanke shawara, zan tsaya."

Na ce, "Ka tsaya, Malam?"

Ya ce, "Zan tsaya. Mutanen nan sun wahala." Ya ajiye ludayi ya fita.

To ni a sanina, idan inji ya tsaya ya mutu ke nan. Idan ruwan sama ya tsaya an gama. Mutum ya ce zai tsaya, ai aiki zai bari. Gonarmu tana ƙarƙashin ruwa, kifi ya sake wuri har masunta ba su gane inda ya koma ba, aikin nan shi kaɗai ke sa mu ɗora tukunya. Na saɓi yarinya sai wurin inna.

"Mi ya same ki?"

"Inna, ya ce zai tsaya."

"Ina?"

"Bai faɗa ba."

"To mutum shina tsayawa ba wuri? Koma ki tambaye shi."

Ban iya tambayarsa ba, kunya da tsoro suka hana ni. Sai ga babban leburorin, wani dattijo mai furfura har a gira, ya yi sallama zai ɗauki akwatin fitila, maigidana ba ya nan. Na raɓe bayan zana na gaishe shi, na ce, "Baba, don girman Allah kada ku bari ya tsaya. Ga yarinya ƙarama, ba mu da gona."

Ya ce, "Ɗiyata, ashe ke ma kin san abin da zai rasa?"

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya ce, "Kuma duk da haka bai fasa ba. Allahu akbar." Ya ɗau akwati ya tafi. Na ji sanyi a raina, a zatona magana ɗaya muke yi.

Ran nan da la'asar wata maƙwabciyata ta leƙo tana cewa, "Fito ki gani, mijinki ya tsaya!" Na fito da sauri. Muka leƙa filin makaranta, sai ga shi kuwa tsaye ƙiƙam cikin rana, ba ya yin komai, ga wani mutum shi ma tsaye can gefe. Na ce a raina, wannan ce tsayuwar? Dattijon nan ya yi wa leburori gajeriyar magana, ya nuna wajen gidanmu. Sai na ga sun taso suna jeruwa bayan maigidana, layi har gindin mangwaro. Maƙwabciyata ta rangaɗa guɗa ta ce ya ci.

"Ya ci mi?"

"Zaɓe mana, ke kam! Shi ne wakilinsu."

Ashe ba aiki zai bari ba. Na yi dariya har da hawaye, na koma na dafa miyar kifi.

Yana cin tuwon ya ce, "Ki naɗa mini gammo, gobe da ni za a ɗau inji."

Na ce, "Kai da ke juya taurari?"

Ya ce dokar ƙungiyar ce, ba a wakiltar masu ɗauka sai mai ɗauka. Ya miƙa wa wani tukunyar taurarin, ya koma lebura, da abin da ake ba lebura. Ya ce da farko ba su yarda da shi ba, suna cewa wuyansa bai san kaya ba, sai da dattijon ya gaya musu har matarsa ta yi roƙo a hana shi amma ya ƙi. Ya dube ni ya ce, "Ashe kin fahimci abin tun farko."

Na tashi na je naɗa gammon.

Tuwonmu ya ragu a shekarun nan, ba zan ɓoye ba. Amma ya samo musu cewa inji sai mutum huɗu da sanduna, kuma ban sake jin bayan wani ya taɓu ba. Ni aikina shafa masa man shanu a wuya.

Har yau na kasa raba abin. Na ji maganarsa ba daidai ba, amma abin da na ji tsoro shi ya faru. Na roƙa a hana shi, roƙon nawa ya ba shi. Yarinyar nan da na goya yanzu ta tara mini jikoki, tana gaya musu kakarsu ce ta sa kakansu ya ci zaɓe. Idan suka juyo suna kallona, sai in ce su miƙo mini goro, don ban san ta ina zan fara ba.