Malam Manzo da Allurar da Ya Hana

Da an sallame asuba, Malam Manzo ke buɗe ɗan ɗakin gwaji na dispansar ɗin Filinge, ƙaramin asibitin garinmu. Shi zai share, shi zai dafa allurai, sannan ya goge madubin nan nasa mai nuna ƙwayoyin cuta, ya zauna jiran marasa lafiya. Tun rasuwar matarsa Rabi, a nan yake karyawa, shi kaɗai. Ajin da nake koyarwa a lakkol yana kallon tagarsa, saboda haka abin da zan faɗa idona ya gani. Ƙarshen watan nan zai aje aiki, kuma ban ji ana shirya masa komai ba.

Lokacin da allurar fenisilin ta iso ƙasar Kurfai, mutane sun ga abin mamaki. Gyambon da ya shekara yana ruwa sai ya kame. Daga garin Bonkuku har rugagen Filani kowa ita yake nema, kowace irin cuta ce. Amma akwai wani farin abu kamar kindirmo da ke kama harshen jarirai ya hana su tsotso, kuma Malam Manzo ya lura waɗanda aka yi wa allurar, nasu ƙaruwa yake yi. Da ya duba a madubi, sai ya ga ƙwayar dangin wadda ke tada ƙullin burodi ce, ba irin ta gyambo ba.

Bai tsaya a zato ba. Ya roƙi faya-fayan gilashi daga Yamai, da wata hoda da ke daskarar da romo a cikinsu. A wasu ya shuka ruwan gyambo, a wasu abin da ya kankaro daga bakin jarirai, ya ɗiga fenisilin a tsakiya. Zafin garinmu ya isa ya sa ƙwayoyin su tsiro. Wata rana ya yafito ni ta taga, ya kira ni Mushe kamar yadda ake kiran malaman lakkol.

"Mushe, taho ka gani. Ta gyambo ta gudu ta bar fili. Wagga kuwa har bisa maganin ta hau."

Damina guda ya yi yana maimaitawa, sakamakon bai sake ba. Ya sanar da lokotoron Yamai, wato babban likita, aka amince masa. Daga nan ya daina yi wa masu wannan ciwo allura, sai wani shuɗin magani da yake shafa musu a baki.

Gari bai yafe masa ba. A kasuwa aka ce sayar da allurar yake yi a ɓoye, ana kiransa mai rina bakin ɗiya. Waɗanda ke zama a tabarmarsa bayan la'asar suka janye ɗaya bayan ɗaya. Mafi zafi ita ce ranar da wansa Kailu ya zo da ɗiyarsa Muna, tana goye da jaririn da ya daina kama nono.

"Manzo, nono guda munka sha. Jikana za ka hana ma allura?"

"Yaya, na gwada ta, ba ta cin wagga cuta. In na yi mai, cutar zan ƙara ma ƙarfi."

"To riƙe abinka," in ji Kailu, ya juya ya fita.

Muna ce ta dawo ita kaɗai da azahar, ba da sanin mahaifinta ba, ta ce, "Baba, yi yadda ka gani." Ya shafa shuɗin, ya nuna mata yadda za ta tatsa ta ba shi da cokali. Kafin kasuwa ta zagayo yaron ya kama nono. Shi ne Ibrah, yana ajina yanzu. Kailu kuwa ya ce dama lokacin warkewa ne ya yi, bai sake taka gidan ƙanensa ba har Allah ya karɓi ransa bara. Na ga Malam Manzo a jana'izar, a sahun baya, shi kaɗai.

Kai, Malam Manzo, da ka so, da ka soka allurar nan ka huta. Da an yi maka godiya, da tabarmarka ta cika, da ba ka rasa ɗan'uwa ba, kuma ba wanda zai tuhume ka in yaro ya lalace. Ka zaɓi abin da ka gani a gilashi, ka biya da zaman kaɗaici. Mai gaskiya, mun gode. Allah ya saka maka da abin da mu muka kasa.

Ku samarin da za ku gaje shi, ku gwada kafin ku soka, ko da mai roƙon ɗan ɗakinku ne. Mu kuma mutanen gari, yana nan a gidansa bayan marina, ƙofarsa a buɗe take kullum bayan la'asar. Kada mu jira sai ranar da za mu je ɗaukarsa.