Mahamman Mai Tele da Kyanwoyinsa a Ɗakin Masu Tamowa

Da an sallame sallar la'asar, Mahamman Mai Tele zai ɗora tsohon telensa, wato talabijin, da batir a amalanken hannu, ya lulluɓe su da zane, ya turo zuwa gidan likita na yara masu tamowa a nan Dakoro. Tafiyar ba ta da nisa, amma gwiwa ta tsufa, sai ka ga yana tsayawa a hanya kamar mai gyaran igiya, alhali numfashi yake mayarwa. Shekara da shekaru ke nan yana haka, duk damina, lokacin da rumbuna suka yi fayau, ɗakin ya cika da uwaye daga Kornaka da Ɗan Gulbi da ƙauyukan da ko sunansu ba mu sani ba. Ba wanda ya ɗauke shi aiki, saboda haka ba wanda zai shirya masa walimar sallama. Garinmu ya iya karrama mai babbar riga, amma mai amalanke sai dai a ce masa ya kauce mota ta wuce. Wannan ya daɗe yana ci mini rai.

Abin da yake kai musu zai ba ka dariya tun kafin a kunna: tsoffin finafinan barkwanci na kyanwoyi, baƙi da fari, wasu sun girmi ubana. Da can gidan kallo gare shi a bakin kasuwa. Wayar hannu ta zo ta kwashe masa 'yan kallo, aka bar shi da faifai cike da kwali.

Hamdiya, ma'aikaciyar jinya da ta fi kowa daɗewa a ɗakin, ta ba ni labarin zuwansa na farko. Ya zaɓo fim ɗin da ya fi tara masa jama'a a kasuwa, wanda Turawa ke jifan juna da abinci a fuska. Yana jiran shewa, sai ɗaki ya yi tsit. Can wata tsohuwa ta ce, "Wai abinci ne suka zubdawa hakanan? Ba mai hana su?" Mahamman ya kashe tele, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Daga ranar ya tace faifansa kaf, duk inda aka wulaƙanta abinci ya ajiye gefe. Abin da ya rage masa kyanwoyi ne. Kyanwa ba ta zubar da abinci, sata take yi, kuma wannan kowace mace mai murhu ta san shi.

Yana kashe sautin fim ɗin, ya zauna gefen tele ya yi maganar da bakinsa. A bakin Mahamman, muzurun da ke takawa a kan katanga Alhaji ne dillalin hatsi, yana tafe yana cewa, "Ku ba ni wuri, ni da Maradi nika magana." Sai Alhaji ya zame ya faɗa buhun gari, ya fito fari fat, ya lashe hannu, ya dubi jama'a kamar da gangan ya yi. Na kalla da idona, na yi dariya har na ji kunya, don a gadon da ke bayana akwai yaron da ƙafarsa ba ta fi kara kauri ba. Na daɗe ina tunanin abin da ke jan mutane ga waɗannan tsoffin hotuna masu rawa. Ina jin wannan ne: kyanwa tana faɗowa daga soro, ta miƙe, ta kakkaɓe jiki, ta wuce. A ɗakin nan ba kowa ke miƙewa ba.

Hamdiya ta ce yaron da tamowa ta ci ba ya wasa, wani ko kuka ba ya yi. Ranar da ya yi murmushi, ranar suke sa ran zai karɓi madara. Babbar damuwarsu kuwa uwaye masu ɗauke yaro kafin magani ya ƙare, saboda gona ba ta jira. Mahamman ya gano dabarar wannan shi kaɗai. Ba ya taɓa ƙarasa fim, daidai inda ya yi daɗi yake kashewa ya ce sai gobe.

Bana aka kawo Nafi'u, ɗan wata mata Aisata daga wajen Ɗan Gulbi. Ya kusa shekara biyu, bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba, madara kuma in an ɗura sai ta dawo. Ana cikin haka mijinta ya aiko cewa ta koma gida. Mahamman ya iske ta tana ɗaure kaya.

"Baba, gida za ni," ta ce. "Ciyawa ta ci gona, ga wasu ɗiya can ba mai diba su. Wanga ko madara ba shi amsa."

"Ɗiyata, bari gobe mana. Jiya mun baro mussa cikin rijiya. Kya tahi ki bar ta ciki?"

Kyanwar fim ɗin jiya yake nufi. Ta harare shi, don ta san wayo ne. Amma ta kwance kayan.

Da la'asar ɗin ya matso da tele kusa da gadonsu. Aka jawo guga daga rijiya, kyanwa na zaune ciki a jiƙe sharkaf, Mahamman ya maƙale murya ya ce, "Wa ya ce ku hiddo ni? Wanka nika yi!" Nafi'u ya yi dariya. 'Yar ƙaramar dariya ce, kamar shaƙuwa, amma duk ɗakin an ji ta. Ya sha madara kaɗan ta zauna. Hamdiya ta ce ta fita waje don kada a ga idonta.

Ba a yi kwana uku ba, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Jikin Nafi'u ya riga ya yi nisa tun kafin a kawo shi.

Mahamman ya daina zuwa. Da na je gaishe shi ya ce mini, "Malam, na riƙe baiwar Allah da ƙarya, ta rasa ɗa ta rasa gona. Ni wasa nika yi bakin kabari." Ina zaune sai ga Aisata da ƙullin kayanta, tana kan hanyar tasha, ta yi tambaya har ta gano gidan. Ta durƙusa daga bakin zaure.

"Baba, tun da na haihe shi ban taɓa jin dariyatai ba. Ban san da wace murya zai yi ta ba. Da na tahi ran nan, da kuka kaɗai za ni tuna. Yanzu in an tambaye ni gida, sai in ce ya yi dariya. Allah shi biya ka."

Tsohon ya rufe fuska da hula. Washegari ya koma ɗakin.

Ya ce wannan daminar ce ta ƙarshe, ido ya yi hazo, ƙafa ta ƙi. Mahamman, kai ne wanda bai da allura bai da magani, ya shiga inda masu lafiya ke gudu. Ba ka hana mutuwa ba, ba ka taɓa cewa za ka hana ba. Na gode maka, a madadin matan da ba za su taɓa karanta wannan ba. Allah ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma matasan Dakoro, kowa da fim ɗari a aljihunsa, ku je ku zauna kusa da shi tun yana iya koya muku muryar muzuru. Jiya ma an kawo yara daga Kornaka, kuma a cikin uwayensu akwai wadda har yau ba ta san muryar dariyar ɗanta ba.