Misalan Yaya Mamduhu

Yayana Mamduhu ba ya rubuta abin da bai gwada ba. Shekarar da Allah Ya karɓi maigidana na koma gidansa a Iskandariya, na tarar da shi yadda na bar shi: teburi a jikin taga, kwamfuta, tabarau biyu.

Shekara goma sha tara ya yi yana aikin sa-kai da wasu mutane da bai taɓa ganin yawancinsu ba. Sun haɗa kayan aikin da masu rubuta manhaja ke ɗauka su zana taga da maɓalli a allon kwamfuta. Rabonsa a ciki shi ne littafin bayani. Misali ɗari uku da ashirin ne, kowanne sai da ya kunna shi ya ga ya yi aiki.

Ana saura wata biyu azumi, Ramiz ya zo. Ɗalibinsa ne a da, yanzu har ya fara furfura, shi ke jagorancin aikin. Na kai musu shayi, na koma gefe ina tsintar shinkafa.

"Ustaz, an yanke shawara. Za a sauya sunayen fayilolin kai gaba ɗaya. Sun cakuɗe."

"Su suka cakuɗe, ko ku ne ragwaye?"

"Haba Ustaz! Akwai wanda ka sa wa 'kaya na biyu'. Ina na ɗayan?"

"Ya rasu kana cikin zanen goyo."

Suka yi dariya, amma ta Yaya ba ta daɗe ba. Da na tambaye shi daga baya, ya ce fayilolin kamar sunayen ƙofar gidaje ne, kowane misali da kiransu yake farawa. In suna ya sauya, duk misalan sun ɓata hanya. An ba shi zuwa ƙaramar salla ya gyara. In bai gama ba, za a ajiye littafinsa, na'ura ta riƙa tsamo bayani da kanta.

Ramiz ya ce umarni ɗaya in an ba kwamfuta zai sauya sunayen duka kafin shayi ya huce. Yaya ya ce sauyawa daban, gani daban.

Ciwon suga ya riga ya cinye masa idon hagu, yana lasar na dama. Ya ƙara girman haruffa har kalma biyar ke cika allon. Ya fara da misali shida a rana, ya dawo huɗu, tsakiyar azumi biyu. Na so in karanta masa, to karatuna bai wuce aji huɗu ba, haruffan Turawa kuwa sai dai in ce masa ga mai kama da ƙugiya.

Rana ɗaya na ga ya yi murna. Misali na tamanin da bakwai sunansa ya gyaru, amma da ya kunna, taga ta buɗe babu komai a ciki.

"Kin gani, Ni'imat? Da umarninsu ne, da ya wuce wannan bai ko waiwaya ba."

A misali na ɗari biyu da huɗu idon daman ma ya daina gani.

Ranar salla Ramiz ya zo da cincin, ya sumbaci kansa.

"Ustaz, bari ni in kunna sauran, in riƙa faɗa maka abin da ya fito."

"Sai in sa sunana a ce na gani?"

"Wa zai sani?"

"Ni."

Ramiz ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya ce to a bar wa mutane ɗari biyun da aka gwada. Yaya ya ce mai neman bayani ba ya duba lamba, zai faɗa cikin ragowar ya ɓata yininsa. Shi da bakinsa ya faɗi abin da za a rubuta a saman shafin farko, Ramiz yana bugawa: wannan littafi ya tsufa, kada a yi aiki da shi.

Ya sa aka maimaita masa sau biyu. Sannan ya miƙo hannu ba daidai inda nake ba.

"Ni'imat, kama ni, an kira la'asar."