Hayaƙin Barkonon Ya Bintu

A bakin Komadugu aka haifi Ya Bintu, a wani ƙauyen manoman tattasai gabas da Diffa. Tun tana yarinya take shanya da daka, har idonta ya daina hawaye a wurin da baƙo zai yi ta atishawa. Mijinta Bunu kuwa Allah ya yi shi da fuka, shi ya sa ko da kaka aikinsa ban ruwa ne, ba ya zuwa kusa da turmi.

Shekarar da tashin hankali ya kori mutanen bakin kogi, suka shigo Diffa da tabarmi da tukwane. Suka samu ɗaki a bayan kasuwa, mai taga guda da ke kallon wani fili. Bintu ta riƙe tagar nan kamar magani. Ba ta girki a ɗaki. Ta haƙura da turaren wuta, abin alfaharin kowace matar Barebari, ko maganin sauro na hayaƙi ba ta kunnawa, sai gidan sauro. Kafin shara sai ta yayyafa ruwa, shimfiɗa kuma kullum tana shan rana. Bunu ya samu sauƙi har ya fara yin kumatu.

Ana haka Alhaji Muhsinu, wani ɗan kasuwa daga Damagaram, ya sayi filin ya kafa injin niƙa tattasai. Bututun hayaƙin da ƙofar da gari ke tashi duk suka fuskanci tagarta. Jan gari ya riƙa kwanciya a kan matashi, har cikin randa. Bunu ya koma numfashi kamar ana busa kara.

Bintu ta yafa mayafi ta same shi a rumfarsa, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Alhaji, don Allah a juya bakin injin nan wajen titi. Maigidana ba ya iya numfashi."

Bai ko ɗago daga wayarsa ba. "Baiwar Allah, ku rufe tagarku mana. Ku da kuka tashi cikin tattasai, yau shi zai kashe ku?"

'Yan zaman rumfar suka yi dariya.

Ta toshe tagar da jiƙaƙƙen buhu, ɗakin ya zama tanda. Aka yi ta kai Bunu likita ana dawowa, kafin damina ta faɗi ya rasu. Ranar da aka ɗauki gawarsa injin bai tsaya ba, limamin sai da ya ɗaga murya kafin a ji kabbara. Wannan ne Bintu ta kasa haɗiyewa.

Ta yi takabarta. Da ta fita, ta aika wa ƙanenta a ƙauye ya kawo mata busasshen barkono, irin ƙanana masu zafin nan. Ta ajiye tana jira.

Alhaji ya dawo daga Makka, ya shirya walima wata Juma'a bayan an sauko masallaci. Manyan 'yan kasuwa suka cika falonsa, aka jera shinkafa da naman rago. Bintu ta duba inda iska ke kaɗawa, ta ɗauki kaskon garwashi ta ajiye a gindin tagar falon, ta juye barkonon gaba ɗaya, ta shiga fifita da faifai.

Tari ya kaure a ciki. Manya masu manyan riguna suka yi ta turereniya a ƙofa, huluna na faɗuwa, wani ya taka farantin nama. Alhaji ya fito yana hawaye da majina, ya dafe bango yana neman iska. Bintu ba ta gudu ba. Ta tsaya tana kallonsa har ya ɗago.

"Haka Bunu ya yi ta yi," ta ce. "Kai naka na yini ɗaya ne."

'Yan sanda suka tafi da ita komisariya. Kafin la'asar maƙwabciyarta Kande ta tara matan unguwa, kowace da ɗanta mai tari, suka zazzage zannuwan gadonsu a gaban mai unguwa, ƙasa ta yi ja. Maganar ta kai mairi, ofishin magajin gari. Aka ja wa Bintu kunne aka sake ta, Alhaji kuma aka sa ya kwashe injinsa zuwa bayan gari.

Cikin baƙin akwai wani tsohon malami da hayaƙin ya kwantar a likita. Shi kaɗai ta je ta duba, ta roƙi gafara, ya yafe mata.

Yanzu Ya Bintu tana sayar da busasshen kifi a bakin kasuwa. Idan yaro ya cika tari a unguwa, ita ake kira. Ba ta da sassauci: ta sa a fasa bango a buɗe taga ta biyu daga sama, a fitar da murhu tsakar gida, a rage turare. Matan suna ƙunƙuni, amma suna yi.

Da azumin bara Alhaji ya aiko mata da buhun shinkafa. Ta sa mai amalanke ya mayar masa har ƙofar gida. Kande ta ce, "Haba Yaya, ki yafe masa mana, ai ya ji jiki."

Bintu ta ci gaba da jera kifinta a faranti.

"Ba ni ya kashe ba, Kande. Ya jira su haɗu da mai haƙƙin, sai ya roƙe shi."