Injin binciken da ya kasa amsa wa Goggo

Ina tsaye a tsakar gidan Goggo Hansai a ƙauyen Achika, na ɗaga waya sama ina neman sabis, akuyarta na kwance tana zawo.

Ni da abokina Bitrus muke gina shafin intanet na kiwo da Hausa, kyauta, kowa na iya ɗaukar aikin ya gyara. Injin binciken da muka saka masa babba ne mai ƙyale-ƙyale, a cikin garin Wudil gudu yake kamar me.

Na rubuta "zawon akuya". Abu ya yi ta juyawa.

Goggo ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, sai ta mutu zai ba ka amsar?"

Nan take na kira Bitrus na ce mu cire shi, mu koma kan wani ƙaramin injin bincike mara nauyi da muka raina a baya.

Ya ce, "Duk aikin da muka yi zai rushe fa."

Na ce, "Ya rushe. Daga yau ba abin da za mu saka sai ya yi aiki a tsakar gidan Goggo."

Akuyar ta tashi, amma malamin dabbobi ne ya cece ta, ba mu ba. Ku da sabis ke wahalarwa, wa zai taya mu gwada sabon?