Kai Ne Ƙarami, Ka Ɗauka

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana Adamu, wanda 'yan kasuwarmu na Guangzhou suka sani da Malam Ado, mu kuma a gida Yaya Ado. Ina wannan rubutu ne a garin da ya yi shekara goma sha tara a cikinsa, dilolin rigunan da na saro a kasuwar Baima na jibge a bayana suna jiran mota. Duk shekara abokansa kan taru bayan sallar Juma'a su yi masa addu'a, su ambaci kirkinsa, kuma ba ƙarya suke yi ba. Nawa bayanin daban ne. Ni ce ƙanwarsa Rabi, wadda ta yi shekara biyar tana riƙe da shi a zuciya. Tsakaninmu daga sallama sai ina kwana, ita ma don kada a rubuta mini zunubin yanke zumunci.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya jagoran baƙi ne. Shi ke tarbo sabon zuwa a filin jirgi, ya kai shi Xintang ya nuna masa inda ake ɗinka wandon jins na ƙwarai, ya haɗa shi da siton da ke loda kwantena zuwa tashar ruwa ta Nansha. Yaren Cainansa na kasuwa ne, duk a karye, amma in ya ce wa mai shago "lawban", wato maigida, da murmushin nan nasa, sai ka ga farashi ya sauko. Shi ne kuma mai sulhu. In ɗan Kano da ɗan Maraɗi suka sa zare kan wuri a kwantena, gun Malam Ado ake zuwa. Maganinsa ɗaya ne, wanda muka gada tun daga gida: ya dubi wanda ya fi ƙuruciya ya ce, "Kai ne ƙarami, ba shi haƙuri." A sha shayi, a watse. Ya yi haka sau ɗari, kuma sau ɗari ta yi.

Na ɗari da ɗaya ne ya faɗa kan maigidana, Abban Hafsa. A lokacin shi ke zuwa saro kaya, ni ina Kano da yara uku. Wata rana da hantsi a wani sito, wani Alhaji ɗan unguwarmu, sa'an mahaifinmu, ya fusata don an tura kayansa baya a layin lodi. Ba zan kama sunansa ba, shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Cikin fushi ya bangaje jerin katan-katan da ke gabansa. Ashe akwai lebura ɗan Caina a durƙushe ta ɗaya gefen yana ɗaure kaya. Katan-katan suka rufto masa, ƙugunsa ya karye. A wannan lungun babu kyamara, leburan bai ga wanda ya yi ba, kuma mutum uku ne kawai suka gani: Alhaji, Yaya, da maigidana.

Kafin 'yan sanda su iso, Yaya ya ja maigidana gefe. Alhaji dattijo ne, ga ciwon suga, ga girma, a ganinsa ba a kai irinsa caji ofis. Ya ce, "Nasiru, kai ne ƙarami, ka ɗauka. Ka ce kai ne, ka ba su haƙuri, mu kula da asibiti, magana ta mutu." Yayan matarka ya yi magana, me za ka ce? Bin na gaba bin Allah, haka aka tarbiyyantar da mu. Hukuma ba ta yi masa ƙarfa-ƙarfa ba. An kawo tafinta, an tambaye shi har sau uku, sau uku yana cewa shi ne ya tura don ransa ya ɓaci. Ya sa hannu, ya dangwala yatsa. A wajenmu ban haƙuri ya yi, a wajensu kuwa laifi ya amsa, kuma da likita ya rubuta girman raunin sai magana ta fi ƙarfin masu sulhu. Alhaji ya hau jirgi bayan kwana biyu. Yaya ya yi ta zarya yana son warware abin da ya ƙulla, lauya ya gaya masa ba shi da hujjar da za ta ture abin da mutum ya faɗa da bakinsa ya kuma sa wa hannu. Aka yanke wa maigidana shekara ɗaya da wata huɗu. Da ya gama aka sa shi a jirgi, aka rufe masa ƙofar ƙasar.

Ba ɗaurin ne ya fi ƙona mini rai ba. A unguwarmu, in aka ce an ɗaure mutum a Caina, babu mai tambayar dalili, kowa ya riga ya yanke cewa ƙwaya ya ɗauko. Hafsa tana aji huɗu ta dawo daga makaranta tana kuka, an ce mata 'yar mai safara. Ban iya fita in faɗi gaskiya ba, don faɗarta tonon asirin dattijo ne, kuma iyayenmu sun ce a rufa. Haka na zama 'yar kasuwa ba da shiri ba, tunda shagonmu ba zai zauna babu kaya ba. Na yi fasfo na fara zuwa, na kuma ƙi sauka gidan Yaya. Na ɓata a jirgin ƙasa ba sau ɗaya ba, masu shago sun sha ce mini "meyo", wato babu, kan rigar da nake gani da idona a rataye, duk na jure don kada in nemi taimakonsa. Ina da zuciya, na sani. Abban Hafsa ya yafe masa tun yana tsare, ya ce da hannunsa ya sa, ba a kama masa ba. Ni na ce shi ya ga zai iya.

A zuwana na uku aka ce mini Malam Ado ya shiga makaranta, yana da shekara hamsin da biyu. Karatun nazarin laifi da yadda ake shari'ar masu laifi ya ɗauka, matakin share fage da ake yi kafin cikakken digiri, a wata jami'ar ƙasar waje da ke koyarwa ta intanet. Na yi dariyar mugunta, na ce ihu bayan hari. Mutumin da rabonsa da aji tun kwalejin horon malamai, wanda sai ya nesanta waya da fuskarsa kafin ya karanta saƙo! An ce gemu ba ya hana ilimi, amma ba a ce ba ya wahalar da mai shi ba. Karatun shekara biyu ya ci masa huɗu. Bayan sallar asuba yake zama da kwamfuta da ƙamus, kafin wayar baƙi ta fara ƙara. Wata jarrabawar sau biyu yana faɗuwa, kuma bai ɓoye wa kowa ba.

Abin da ya koya bai bar shi cikin kwamfuta ba. Duk Juma'a in an sauko, yakan tara sababbin zuwa a wani gidan abinci da mutanenmu ke cin tuwo. Ni ina can teburin mata na ba shi baya, amma kunne ba shi da marfi. Yakan ce kada kowa ya sa hannu kan takardar da ba a karanta masa ba, ya nemi tafinta ko da za a wuni ana jira, kuma ya faɗi abin da ya faru, kada ya ƙara kada ya rage. Wata rana ya ba su labarin wani darasi da ya hana shi cin abinci, kan dalilan da ke sa mutum ya amsa laifin da bai yi ba. Ya ce littattafan sun kawo tsoro, da gajiya, da rashin jin yare, da son kare wani. "Namu kuma kunya ce da biyayya," in ji shi. "Ni nan na taɓa sa mutum ya amsa abin da bai yi ba, kuma mijin ƙanwata ne. Ga ta can zaune." Ban juyo ba, na ci gaba da cin tuwona.

Wasu manya ba su ji daɗi ba. Suka ce boko ya shiga kan Malam Ado da tsufa, yana koya wa yara tsaurin ido, har wasu suka daina turo masa baƙinsu. Alhali bai bar sulhu ba. Yakan ce su ma masu littafin sun san sulhu, suna zaunar da mai laifi da wanda aka cuta, sai dai su daga gaskiya suke farawa, wanda ya yi ya ce ya yi, mu kuma da binne ta muke farawa. Karatun ne kuma ya tuna masa da wanda duk muka manta. Muna ta kukan namu, babu wanda ya tambayi ina leburan ya kwana. Yaya ya nemo shi a bayan gari yana ɗingishi, aikin ƙarfi ya gagare shi. Ya gaya masa ainihin abin da ya faru, ya kuma yi ta bin masu sito har ya samo masa aikin zaune a bakin ƙofa, yana duba kayan da ke shiga. Har yau yana nan. In ya gan ni yakan ɗaga hannu ya ce "Ado meimei", wato ƙanwar Ado.

Da Yaya zai leƙo Guangzhou ta yau, da ya sha mamaki. Waya ke fassara tsakaninka da mai shago, babu lungun da ba kyamara, kuma da yawa daga masu zuwa sun daina, daga Kantin Kwari suke zaɓen kaya ta bidiyo. Karatun da ya sha wa wuya, yanzu matasa a cikin mota suke yin sa. Amma na san shi, ba zancen waya zai tambaya ba, cewa zai yi kunyar nan fa, tana nan? Tana nan, Yaya, sai dai ta sami mai taka mata burki. Watan jiya rigima ta tashi a Baima, wani dattijo ya fara lallashin wani ɗan kasuwa da bai kai shi shekaru ba ya karɓi laifin don a wuce wurin. Sai wata Hajiya 'yar Maraɗi ta tsaya a tsakani ta ce, "A'a wallahi. Haƙuri shi bada, amma ba shi ɗaukar abin da bai yi ba, kuma ba shi sa hannu bisa takarda sai an karanta mishi." Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce haka suka iske ana yi nan. Ko sunan Yaya ba ta taɓa ji ba.

Wata biyar da gama karatunsa ciwon hanta ya kwantar da shi. Ana gobe za a kai shi gida, na je da la'asar. Ya rame har na kusa kasa gane shi. Abokansa uku na zaune, kowa ya san abin da ke tsakaninmu. Wani malami daga cikinsu ya dube ni cikin taushin murya ya ce, "Hajiya, ke ce ƙarama, ki yafe masa, a rabu lafiya." Na buɗe baki zan faɗa. Sai Yaya ya ɗaga hannu da ƙyar.

"A'a, Malam, ku bar ta," ya ce. Sannan ya juyo gare ni. "Rabi, kada ki faɗa don ni ne babba, kada ki faɗa don kin gan ni a kwance. Irin wannan ce ta kai Nasiru kurkuku. In yafiyar ta zo miki da kanta, ki faɗa. In ba ta zo ba, haƙƙinki ne, ni na jawo."

Na rufe bakina, domin a gaskiya yafiyar ba ta zo ba tukuna. Na gyara masa matashi, na ba shi ruwa, ya tambaye ni karatun Hafsa na ba shi amsa, muka yi hira mafi tsawo da muka yi cikin shekara biyar. Bayan mako uku ya rasu a Kano, ina nan ina jiran kayana su bar Nansha.

An zarge ni a kan wannan shirun, ni ma na zargi kaina, na yi kuka a kansa fiye da yadda na yi a kan ɗaurin. In aka auna, takardar shaidar karatunsa ba ta sama masa aiki ba, ba ta goge sunan da aka ɓata wa maigidana ba, ba ta kuma miƙar da ƙugun leburan nan ba. Abin da ta yi shi ne ta canza mutum ɗaya, har ya kai ga ƙin karɓar abin da ya fi buƙata a duniya, a daidai lokacin da kowa zai miƙa hannu, don ya ga ba daga zuciya zai fito ba. A duk rayuwata shi ne babban da ya fara barina da gaskiyata. Ba zan iya nuna ranar da abin ya sauka daga ƙirjina ba, a hankali ya yi ta raguwa har na neme shi na rasa. Yau babu dattijo a kaina, babu mai ƙifta mini ido, kuma shi ba ya nan balle in ji kunyarsa. Yaya Ado, ta zo da kanta. Na yafe maka duniya da lahira. Allah ya haskaka kabarinka, ya yafe mini jinkirin da na yi.